Gidan da ke Ƙara Tsayi Kowace Safiya

Sunan Orval na fara jinsa ne a ɗakin girkin kakata Verna, tun kaina bai kai tsayin teburinta ba. Duk ranar da tebur ya yi ɗingishi, miya ta taru gefe guda a kwano, sai ta ce, "Yau ina Orval ya shiga ne?" Na daɗe ina zaton wani kayan aiki ne da ake ajiyewa a gareji. Sai a wani biki aka nuna mini shi: dogon dattijo mai faffaɗan kunnuwa, ya durƙusa da sabuwar kwat ɗinsa yana cusa wani abu ƙarƙashin ƙafar teburin amarya. Ƙanen kakata ne. Kawu mahaifiyata take ce masa, mu ma muka bi bakinta. Abin da ke biye daga bakinsa da na matarsa Arlys na tattaro shi, kuma ba ko'ina bakinsu ya zo ɗaya ba.

A gona aka haifi Orval Haugland, a Dakota ta Arewa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kafa teburan sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda, a mashaya da zaurukan tsoffin sojoji. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙwallon sinuka rawaya guda ɗaya, da kwalin karta a aljihu. Ya ɗora ƙwallon a tsakiyar tebur, duk inda ta gangara can ne ƙafa ta gaza, sai ya cusa mata kati ɗaya ko biyu. Ƙa'idarsa ke nan a aiki, har ma a zaman duniya: wadda ta gaza ake ƙara wa. Bai taɓa rage komai ba.

Da ya ajiye aiki, sai ya sayi tsohuwar motar tafi-da-gidanka, irin mai girman bas, da gado da ɗakin girki da banɗaki a ciki, don su riƙa gudun ƙanƙara zuwa kudancin Texas kamar sauran tsofaffin garinsu. Motar a kan wasu buhunan roba masu cike da iska take zaune, su ne ke hana ta jijjiga a hanya. Tana kuma da ƙafafun ƙarfe huɗu da ake saukarwa da maɓalli idan an yi zango, su daidaita ta. Ranar ciniki mai motar ya yi ta bayani, Orval yana gyaɗa kai, idonsa na kan ƙwallonsa da ya ajiye a daɓen motar. A hanyar gida ya lura da wani maɓalli kusa da sitiyari an rubuta masa sakin iska. Ɗan manomi ne, a wurinsa iskar da ta fita daga roba asara ce. Ya yanko baƙin salatif ya liƙe maɓallin don kada hannun wani ya kai.

Sansanin masu irin wannan motar da suke sauka kusa da garin Mission yake, cikin gonakin lemo. Da sun iso, maƙwabta su fito da kujerun naɗewa su jeru, domin a can babu kallon da ya kai na baƙo yana kokawa da motarsa. Orval ya saukar da ƙafafun alhali buhunan na cike tam, ya ɗaga nan ya ɗaga can har ƙwallo ta tsaya cak a tsakar ɗaki. Amma iska ba ta zama. A hankali take sulalewa, wani buhun ya riga wani, gari na wayewa sai a tarar da ƙwallon ta tafi ƙarƙashin firji.

"Ƙasar Texas ce ba ta da amana," in ji shi. Wata rana kuma ya ce ɓangaren da Arlys ke kwana ne ya fi nauyi, sai da ya kwana biyu ba ta ba shi kek ba.

Sai ya sa hula ya fita, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo ya ƙara wa ƙafar da ta gaza. Ran Asabar kuma ya tada inji wai kada batir ya mutu, buhunan su sake cika, aiki ya dawo sabo. Tun da ƙari kawai yake yi, gidan ya riƙa tashi sama kaɗan-kaɗan. A Disamba matakalar motar ta ishe su. A Janairu ya ƙera mata ƙarin akwatin katako. Kafin Fabrairu ya fita akwatunan sun zama uku, tayoyin gaba suna lilo a sarari.

Maƙwabciyarsu Ofelia, wadda ta yi shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ta taɓa gwada faɗa masa a shekarar farko.

"Maƙwabci, da ka fara sakin iskar nan kafin ka sauke ƙafafun."

"Ke yara kika yi ta ɗauka kina saukewa. Ni daidaito na yi shekara arba'in ina yi."

Daga ranar ba ta ƙara ba, sai dai duk Janairu ta ɗaga kai daga kujerarta ta ce, "Bana bene hawa nawa za ka gina mana? In kun hango teku daga can ku gaya mana."

Shekara tara aka yi a haka. A ta goma aka yi wa Arlys aikin kwatangwalo, 'yarsu Marcy ta ce babu inda za su. Da ƙyar ta sakar musu, amma da sharaɗi: za ta zo ƙarshen Janairu ta gani da idonta. In Mama ba ta iya fita da shiga da ƙafarta ba tare da an riƙe ta ba, to ita da kanta za ta tuƙo su gida, a sayar da motar. Har ta kama musu ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi da ke bayan unguwarta a garin Fargo, mai taga tana kallon wurin fakin.

Orval bai ɗauki maganar da wasa ba. Shekara hamsin da biyu da aurensu, ya san Arlys ba don lemo take zuwa Texas ba. Akwai mata shida da suke haɗuwa ɗinkin bargo kowace Talata a zauren sansanin, kuma ya ga yadda take zama shiru a gida duk lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙofa. Don haka ya yi abin da ya iya. Ya ƙara wa akwatunan faɗi, ya kafa musu madogara ta katako, ya goge ta sumul. Kowace safiya kuma ya ƙara wa ƙafar da ta gaza, gidan na ƙara nisa da ƙasa. Mako uku Arlys ba ta taka ƙasa ba sai shi da mijin Ofelia sun ɗauko ta kamar buhun dankali.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu Marcy ta iso, Arlys ta ce bari ta gwada ita kaɗai. Ta kama madogara, ta miƙa ƙafar mai lafiya, ƙafar ta yi ta lalube ba ta sami komai ba. Ta janye ta, ta zauna a bakin ƙofa tana maida numfashi. Orval yana ƙasa da guduma a hannu.

"Zan ƙara mataki ɗaya a tsakiya," ya ce. "Akwai sauran katako."

"Baban Marcy, ajiye gudumar nan ka hawo."

In ta ce Injiniya, tsokana ce. In ta ce Baban Marcy, ya san babu wasa. Ya hau.

"Buɗe durowar da nake ajiye takardun girki. Can ƙasa."

Littafin bayanin motar ne, wanda ya daɗe yana cewa mai motar bai ba su ba. An sa takardar waƙoƙin coci a wani shafi, an ja layi da jan biro: a fara sakin iska motar ta zauna, sannan a saukar da ƙafafu. Ya juya takardar cocin ya ga kwanan watan da ke jiki. Ta shekarar da suka fara zuwa ce.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Ai ka gani."

"Shekara tara kina kallona ina rarrafe a ƙarƙashin mota, mutane na dariya?"

"Ka manta watan da ka ajiye aiki? Cokulana ka jera mini bisa tsayi. Ka bi ni kanti kana gyara musu gwangwanaye. Da muka zo nan na ga kana tashi da abin yi, ni kuma ina samun awa guda in sha kofina ba wanda ke ɗora mini ƙwallo a kan faranti. Me zai sa in ɓata mana?"

Ya rufe littafin.

"To yanzu fa?"

"Yanzu ƙasa nake so, Injiniya. Ba na son tagar nan ta Fargo."

Ita ta ce minti goma ya yi a tsaye. Shi ya ce ko ɗaya bai cika ba. Abin da suka yarda a kai shi ne ya je ya zauna a kujerar direba, ya janye ƙafafun duka huɗu, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin da ya riga ya manne kamar fata, ya danna. Motar ta saki wani dogon huci, har karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin kujera. Orval ya runtse ido, don a kunnensa ƙarar taya huɗu ce ta fashe lokaci guda. Gidan ya yi ƙasa a hankali kamar saniya za ta kwanta. Da ya sake saukar da ƙafafun, ɗan taɓi kaɗan suka nema. Ya ajiye ƙwallo a daɓe, ta tsaya.

A waje akwatunan nan da madogararsu sun fi bakin ƙofa tsayi. Ya ja su gefe. Masu kujeru sun riga sun jeru, Ofelia ta ɗaga kofinta.

"Barka da saukowa, maƙwabci. Ya mutanen sama?"

"Suna gaishe ki," ya ce, bai kalle ta ba.

Ran Lahadi Marcy ta iso da motar haya, ta tsaya ta harɗe hannu. Arlys ta fito da sandarta, taku ɗaya, taku biyu, ga ta a ƙasa. Ta juya ta koma ciki, ta sake fitowa, wai don kada a ce sa'a ce.

"Baba, me ka yi wa motar? A hoton bara kamar za ta tashi."

"Gyara na yi mata."

"Shi ya gyara," in ji Arlys. "Da hannunsa."

Marcy ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ciro waya ta fasa ɗakin Fargo.

Matsalar da ta rage ta safiya ce. Orval ya tashi ya tarar da ƙwallo inda ya bar ta, ya tsaya da hula a hannu, idonsa ya fara zuwa kan durowar cokula. Arlys ba ta jira ba, ta ce ta ji teburan zauren sansanin duka ashirin da biyu ɗingishi suke yi. Ya ɗauki kartarsa ya fita. Sun ƙara hunturu huɗu a Texas bayan wannan, kuma bargon da ke kan gadona yanzu a cikinsu aka ɗinka shi.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, bayan rasuwar Arlys, na same shi a baranda da bargo a gwiwa. Na karanta masa abin da na rubuta, ya ce minti goman nan ƙarya ce, sauran kuma in bar shi. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini ƙwallon, duk ta koɗe.

"Jikalle, ke ce mai ajiye kayan dangi, to ga aiki. Ranar da aka kafa dutsen kabarina kusa da nata, ki ɗora wannan a kai. In ta gangara, ki sa su sake. Amma kada ki bari su cusa komai a ƙarƙashi. Ki ce su rage ƙasa ta ɓangaren da ya yi tudu."