Ranar da Na Ga Doguwa da Ɗaurin Kallabina

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, wani mai hoto ya zo Dogon Dutsi daga Yamai yana ɗaukar suturar mata. Yayata tela ce, ta ɗinka taguwa da zane na baƙin rini, ta ce ni zan saka, tunda na fi ta tsawo.

Mutumin ya kai mu gindin dutse da la'asar. Ya gyara mini naɗin zane, ya karkata kallabina, ya ce kada in yi murmushi. Muka yi ta tsayuwa wai yana jiran rana ta sauko kafaɗata. Sai da iska ta ɗaga gyalena na ji na'urarsa ta yi ƙas.

Da ya wanke fim ɗin, sai ya ɗaga wata 'yar baƙar leda a rana don mu gani. Na leƙa. Ga tsayuwata, ga ɗaurin kallabina, amma fuskar fara fat, idanun baƙin rami, zanen kamar likkafani. Na ja da baya.

Ya yi ta bayani cewa haka fim yake, sai ya koma Yamai zai fitar da shi a takarda. Ban ji komai ba. Ni dai na san doguwa, aljanar gindin dutse, fara ce, kuma a wurin zamanta muka tsaya.

Da na faɗa wa mahaifiyata, ta dafe ƙirji. "Mi kinka je nema gindin dutse? Wanga mutum ya tahi da kurwarki!"

Na daina cin tuwo. Na kife madubi. Kowace safiya sai na fita tsakar gida na duba ko inuwata tana nan. Kai ya yi ciwo kaɗan, in ce shi ke nan, ta fara shan jinina. Har mahaifiyata ta fara maganar kiran masu garayar bori.

Ana cikin haka wani direba ya kawo hoton. Na ƙi taɓawa. Mahaifiyata ta yi bisimilla ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗiyata, ashe haka kike?"

Rinin yana sheƙi, gyalen ya tsaya a iska, wata mace mai kwarjini tana kallon nesa. A ranar na cinye tuwo malmala biyu.

Yau na gane aikin mai hoton ba danna na'ura ba ne kawai. Ya hango wata mace a jikina tun kafin in san da ita. Wataƙila abin da ya firgita ni ke nan.