Abdulrauf Jaji, Mai Raba Gardamar Dosiye

Ƙarfe shida da rabi Malam Abdulrauf Jaji yake sauka daga taksi a unguwar Angondjé. Shi ke buɗe biro, wato ofishin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, ya kunna kwamfutoci huɗu, ya duba ko dosiye, wato fayilolin bayanan marasa lafiya, sun kwana lafiya. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ta mutum biyu su buɗe fom ɗin majinyaci ɗaya a lokaci guda. Wanda ya riga adanawa ya wuce. Na biyun sai saƙo ya fito masa cewa wani ya canza bayanin, ya zaɓa: ya adana nasa, ko ya kwafe, ko ya watsar. Yawanci adanawa ake dannawa, rubutun na farko ya shafe.

Khairunnisa, ma'aikaciyar jinya, ta ba ni labarin wata Talata. Ta rubuta cewa jikin Salif, wani direba ɗan Maraɗi, ba ya karɓar penisilin. A daidai lokacin Momo mai karɓar baƙi yana gyara wannan dosiyen. Saƙon ya fito, ya danna, gargaɗin ya ɓace.

Malam ya saba bin sawun duk inda saƙon ya fito. Da ya gwada tsohon bayani da sabo, sai ya tashi ya nufi ɗakin magani. Ya tarar an miƙa wa Salif ledar magani mai penisilin.

"Dakata, ɗan'uwa. Ba ni ledar nan tukuna."

"Lafiya, Malam? Fasinja na jira na."

"Su jira. Likita zai sake dubawa."

Likita ya canza maganin. Salif ya tafi yana mitar an ɓata masa lokaci, kuma har yau bai san abin da ya faru ba.

Momo ya zaci kora ce. Malam ya ce masa, "Laifin fom ne da ya ba ka wannan zaɓin. Idan ya sake fitowa, kwafe naka, ka rufe, ka sake buɗewa, ka karanta na ɗan'uwanka." Sati uku Malam ya yi yana gyara fom ɗin. Yanzu in wani ya riƙe dosiye, sauran sai dai su karanta har ya gama, kuma kowane canji yana ɗauke da suna da lokaci.

Malam Abdulrauf, kai ne ka hana rubutun wani ya cinye na wani. Mai raba gardama ba da hayaniya ba, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma da ke zaune gaban kwamfuta a asibitoci da makarantu, in saƙo ya fito, ku karanta kafin ku danna. Wataƙila akwai mai tsaye a ɗakin magani da leda a hannu.