Likkafanin Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta yarda da yadin kanti ba. Da hannunta ta kaɗa zaren likkafaninta, ta aika garin Gude aka saƙa, ta naɗe a ƙasan adaka. Wanda duk ya kai hannu wurin sai ya sha faɗa har ya manta abin da ya zo nema.

A shekarun tsuke bakin aljihu kututturen dawa ya soke ta a ƙafa, a gonarmu ta Mainika. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara ruwa da wari. Malamin asibiti ya wanke, ya ce bandeji ya yanke, mu nemi farin ƙyalle mai tsabta mu riƙa tafasawa muna ɗaurewa. Na birkice gidan kaf. Farin ƙyalle ɗaya ne, likkafanin Inna, kuma saƙarsa layi-layi ce, kamar don ɗaurin ciwo aka yi ta.

Na ce, "Inna, layi ɗaya kawai zan farke."

Ta ce, "Ke 'yar nan, bar min kayana. Ƙafa ai ta gama aikinta."

Ni ma kafiyar a wurinta na gado. Na yi ta naci har ta juya fuska bango ta ce in yi yadda na ga dama.

Layi ɗaya bai isa ba. Ko an tafasa warin ba ya fita, sai in farke wani, tana kallona. Kafin damina Inna ta rasu. Abin da ya rage na likkafanin ko gwiwarta bai kai ba. Yayana ya tafi kasuwar Gwarzo ya sayo yadin kanti, ni kuma na ɗaura mata guntun a kai ina kuka. Har yau abin yana ci na.

Bara 'yata, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo min da wani farin abu mai kaurin ɓawon albasa. Ta ce zare ne da ido ba ya iya gani, an haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana gwada shi don rufe ciwo.

"Shi ma kaɗi ne, Mama, sai dai lantarki ke jan zaren."

Na shafa shi da yatsa. Da Inna ce da ta kushe, ta ce ba zai jure wanki ba. Na tambayi 'yata yaya girman wanda zai rufe ciwon ƙafa.

Ta ce, "Kamar tafin hannu."

Na dubi tafin hannuna. Na ce ta mayar da shi jaka.