Layi Ukun da Na Tsallake a Takardar Kanwa

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa. Akwai garuruwan da na taɓa kwana a cikinsu, yau ko sunansu ba na iya kawowa. Amma ranar da aka karanta takardar kanwa a ƙauyenmu tana nan daram a zuciyata, kuma na tabbata ba zan manta da ita ba har a kai ni makwanci.

A zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ƙauyenmu yana cikin fadama, gabas da Haɗeja, ta wajen Guri. Da damina ruwa kan zagaye mu, sai da kwale-kwale ake fita. In ruwa ya janye, akwai wani fage a arewacin gari da ƙasarsa kan yi fari fat da kanwa. Mata su fita da sassafe da sakaina suna kankaro ta sama, maza su haƙa rami su ciro ta ƙasa dunƙule-dunƙule. Fulani su kawo shanu su lasa, fatake su zo da jakuna su saya. Da kanwar nan mace ke ɗinka zanen salla, da ita namiji ke fita kunyar iyalinsa in shinkafa ta ƙi. Ba wanda ya taɓa tambayar ko ta wace ce, don kowa ya san ta gari ce.

Bulaman garin, wato mai garinmu, kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni elementare a Haɗeja lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su boko. Da na gama, sai ya ɗauke ni malaminsa. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, sabon aure, kuma duk garin ni kaɗai ke iya karanta boko. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Wata rana wakilin wani kamfani ya zo daga Kano, da sabon keke da bandir na farin yadi, wai gaisuwa ce ga Bulama. Aka shiga zaure aka saki asabari. Ya ce kamfaninsu ramuka masu zurfi kawai yake so, can ƙarshen fage, kuma za su gyara mana hanya har bakin titi. Kawu ya ji daɗi, ya dangwala yatsa a kan takarda. Wakilin ya bar mana kwafi da Hausar boko, ya ce Di'o, Baturen da ke kula da yankinmu, zai zo rangadi tare da hakimi, za a karanta wa jama'a, in ba wanda ya ja, sai a buga hatimi.

Bayan ya tafi na zauna na karanta takardar a tsanake. Sama lafiya lau. Da na sauko kusa da ƙasa sai na ci karo da abin da wakilin bai faɗa ba. Layi uku ne. Na farko ya ce daga ranar da aka buga hatimi, ba mai kankara ba mai haƙa a duk fagen sai leburan kamfani. Na biyu ya hana shanu shiga. Na uku ya ce abin da kamfani zai riƙa biya duk shekara, a hannun Bulama za a damƙa shi.

Na sami Kawu a zaure na durƙusa na karanta masa. Ya murza gemu.

"Ba haka ya gaya mini ba," in ji shi.

"Haka yake a rubuce, Kawu."

"To na riga na dangwala. Yadin ma na rabar. In aka ji Bulama ya sa hannu a kan abin da bai sani ba, ina zan kai fuskata? Hakimi rawanin zai tuɓe." Ya dube ni. "In ranar ta zo, ka karanta na sama. Waɗannan ka wuce su. Daga baya ni zan san yadda zan lallaɓa su."

"Kawu, matan nan fa..."

"Ni na sa ka boko, ko su?"

Yanzu da na tsufa na gane ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi, kuma layi na uku ya ɗan yi masa daɗi a rai, ko da bai faɗa ba. Ni ma tsoron ne ya kama ni, na ce to.

Ranar ta zo. Da hantsi aka taru a gindin tsamiyar kasuwa. Di'o a kan kujera yana fifita da hularsa, hakimi a gefensa, wakilin kamfani a bayansu. Maza a gaba, Fulani da sandunansu a gefe guda, mata can baya. Aka ce in tashi in karanta. Na tashi, na gyara murya, na karanta. Da na zo wurin, na tsallake layi ukun nan, na faɗa kan gaisuwar rufewa. Wallahi na tsallake. Ba na son masu karanta wannan su ɗauka ni jarumi ne. Tafintan Di'o da malamin hakimi sun iya boko, amma takardar ba a hannunsu take ba, in ma sun san abin da ke ciki, ba fagensu ba ne, ba su ce uffan ba.

Hakimi ya ce, "Akwai mai magana?"

Shiru. Wakilin kamfani har ya fara murmushi.

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata. Ita ce babba a masu kankarar kanwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, hannuwanta duk sun tsattsage saboda kanwa. Ita ce kuma ungozomar da ta yanke mini cibiya, shi ya sa nake ce mata Iya. Ta ratso maza tana dogara sanda. Dogari ya tare ta, hakimi ya ɗaga hannu ya ce a bar ta.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban san boko ba. Amma na ga takardar nan baƙa ƙirin take da rubutu har ƙasa, karatun kuwa ya yi mini gajere. Ina roƙo yaron nan ya sake, ya ɗora yatsa a kan abin da yake faɗa, ni kuma in tsaya kusa da shi."

Wasu suka yi dariya. Hakimi ma ya murmusa, ya ce a yi mata yadda take so.

Ta zo ta tsaya a kafaɗata, ina jin ƙanshin hayaƙi a mayafinta. Na sake daga farko, yatsana yana bin layi, idonta yana bin yatsana. Da na iso wurin, na yi ta maza na ɗaga yatsa na dire ƙasa. Caraf ta riƙe mini wuyan hannu.

"Ɗan nan," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "na yi shuka tun ba a haifi uwarka ba. Ka tsallake kunya uku. Koma."

Na ɗaga kai na dubi Kawu. Idonsa yana ƙasa. Na dubi matan da ke baya, har da mahaifiyata a cikinsu, ita ma da kanwar nan ta yi mini kayan suna. Iya ba ta saki hannuna ba. Ta ja yatsan da kanta ta mayar da shi kan layin farko.

Na karanta. Muryata tana rawa a layin farko. A na biyu ta daidaita. Na uku kuwa da ƙarfi na faɗe shi, har na can baya suka ji.

Wurin ya kaure. Arɗon Fulani ya miƙe tsaye yana cewa tun kakanninsa shanu ke lasa a fagen nan, in an hana su, a gaya masa inda zai kai su. Masu haƙa suna magana a lokaci guda, mata suna salati. Wakilin kamfani ya matso yana cewa ai ƙaramar magana ce, salon rubutu ne kawai. Di'o ya daina fifita, fuskarsa ta yi ja, ya karɓi takardar ya miƙa wa tafinta. Ba tausayinmu ya ji ba, kada a yi masa shaidar da ba tasa ba. Gudun kada ƙara ta kai ga na sama da shi yake yi.

Da aka yi tsit, hakimi ya juyo gare ni. Murmushin nan ya tafi.

"Kai malam, wa ya sa ka yaudari jama'a a gabana?"

Na san abin da ke biyo bayan wannan tambaya. Mutane sun shiga gidan yari a Haɗeja a kan abin da bai kai wannan ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru, don ba zan iya kiran sunan wanda ya riƙe ni ba. Hakimi ya sake tambaya. Dogarai biyu suka fara matsowa.

Sai na ji motsi. Kawu ne ya tashi daga kan buzunsa, ya zo gaban hakimi ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ya karanta mini gaskiya tun ranar farko, ni na hana shi. Na sa hannu ban sani ba, da na sani kuma na ji kunyar a sani. In da hukunci, nawa ne."

Hakimi ya dube shi, sannan ya ce ya koma ya zauna, maganarsu tana gaba. Ya juya ga jama'a ya ce tunda ba a yarda ba, ba za a buga hatimi ba, amma kamfani baƙon gwamnati ne, ba za a kore shi haka kawai ba. Su faɗi abin da suke so.

A nan ne na ga abin da har yau nake alfahari da shi. Mutanen da ake ɗauka ba su san komai ba suka zauna suka tsara magana dalla-dalla. Aka yi azahar aka dawo. Masu haƙa suka ce kamfani ya ɗauki ramukan ƙarshen fage da ya ce yana so tun farko, amma a kafa turaku a gaban kowa a san iyaka. Arɗo ya ce a bar wa shanu hanya da wurin lasa. Iya ta ce kankarar sama ta mata ce, ba mai taɓa ta. Wani makaho da ke zaune a gefe, wanda ba wanda ya zaci zai yi magana, ya ce abin da kamfani zai biya a riƙa kawo shi nan gindin tsamiya da rana tsaka, a faɗa da baki kowa ya ji, a kuma faɗi abin da za a yi da shi. Liman ya ce shi zai rubuta kwafi da ajami ya ajiye a wurinsa, duk shekara in kanwa ta fito a karanta biyun a jere, boko da ajami, in sun saɓa a tsaya. Wakilin kamfani ya yi ta ja, amma Di'o ya gaji, yana son ya wuce kafin la'asar ta yi sanyi. Aka sake rubutawa a nan take. Washegari muka fita gari guda aka kafa turakun.

Ba a tuɓe Kawu ba, amma an sa shi ya mayar da keken, ya biya yadin. Ya tura keken da hannunsa har bakin titi inda lori ke tsayawa, mutane suna kallo. Ni kuwa ya sallame ni daga aiki. Ya cece ni daga gidan yari, amma ya yi kusan shekara biyu in na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Abin ya yi mini ciwo, don ina ƙaunarsa. Sai da aka haifa mini ɗa na fari, na sa masa sunansa, sannan ya zo da kansa ya yi huɗuba, muka shirya.

Na koma koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Masu haƙar kanwa ne suka fara cika mini aji, maza masu furfura, suna riƙe alli kamar za su karya shi. Kamfanin bai wuce 'yan shekaru ba ya tattara ya tafi, don ruwa ya yi ta cinye musu hanya. Amma kafin ya tafi, da abin da ya biya aka gina rijiyar siminti ta farko a garin, kuma kowa ya san daga ina ta fito. Iya ta sha ruwanta kafin Allah ya karɓi abarsa.

Na yi aiki a wurare da yawa bayan haka, na ga takardun da suka fi waccan girma, a kan arzikin ƙasa da ya fi kanwa tsada nesa ba kusa ba. Abin da ranar nan ta koya mini bai canza ba. Duk abin da ke ƙarƙashin ƙasar mutane, maganarsa a gabansu ya kamata a yi ta, da rana, da harshen da suke ji, kuma kada a bar ta a bakin mutum ɗaya, ko da ɗansu ne, ko da mutumin kirki ne, don mutumin kirki ma yana jin tsoro. Ni ne mai ilimi a wurin, ni ne kuma na ɓoye. Wadda ta tsare wa gari haƙƙinsa ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Tashi kawai ta yi ta ce a sake karantawa.