Wayar da Kyaftin Tukur Ya Kashe

Wata rana, a wata kakar ƙwallo da ta shige, wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta wayi gari saura wasa ɗaya tal ta hau babban rukuni.

Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba. Masu labarin suna nan da ransu, ni kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Wanda bai san rukuni na biyu ba, bari in ɗan gutsura masa.

Nan ne ake buga ƙwallo a filin da awaki suka riga suka gama da ciyawarsa. Nan ne ake cusa ƙarti a bas kamar buhunan albasa, a yini ana tafiya, a sauka ƙafa a kumbure, sannan a ce su shiga su ciyo wasa. In kuka kuskura kuka ci a gidan wasu, gara ku fara duban ƙofar fita tun alƙali bai busa tashi ba.

Babu mai ɗaukar hotonka, babu mai rubuta sunanka. Ka karye a nan, daga kai sai mai ɗori.

Kyaftin ɗin wannan ƙungiya sunansa Tukur, mai tsaron baya ne. Ya daɗe a rukunin har abokan wasansa suna tsokanarsa da Kakan Lig, wato kakan rukunin, domin akwai yaran da ya buga da yayyensu, yayyen suka yi aure suka aje tumbi, shi yana nan yana bin ƙwallo.

In sun tsokane shi sai ya yi dariya. Amma abin yana cinsa a rai.

Gwiwarsa ta dama ta fara yi masa gardama, kuma ya san ba za ta ƙara ɗaukarsa wata kakar a wannan rukunin ba. A baya sun sha zuwa bakin ƙofa a rufe musu ita a fuska. Burinsa bai wuce ya taka filin babban rukuni da ƙyallen kyaftin a damtsensa ba, ko sau ɗaya ne, kafin ya ajiye ƙwallo.

To, a ƙungiyar akwai wani matashi, Sagir, ɗan wasan gaba.

Ɗan unguwarsu Tukur ne. Shi ya gan shi yana watsa manya a filin makarantar firamare ba ko takalmi, ya zare shi daga shagon ɗinki, ya kai shi gaban koci. Tun daga ranar Sagir bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai Yaya.

Yawancin ƙwallayen kakar daga ƙafar Sagir suka fito. In ba ya cikin fili, sauran sai su yi ta kewaya ragar abokan hamayya kamar masu neman allurar da ta faɗi.

Sagir yana da uwa, Inna. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa.

Inna ba ta son ƙwallo. Ba ta hana shi ba, ba ta yi masa baki ba, amma kuma ba ta taɓa sa wa abin albarka ba. A wurinta, namijin da ya bar keken ɗinki ya koma bin fata a rana da gajeren wando, har yanzu hankali bai gama zo masa ba.

Duk tafiyar da za su yi, Sagir zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Ita kuma ta ce a sauka lafiya, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wannan abu ya tsaya wa yaron a wuya. Ya taɓa faɗa wa Tukur a cikin bas cewa duk ihun da 'yan kallo suke masa, da za a karɓe a musanya masa da albarkar Inna guda ɗaya a kan ƙwallon nan, da ya ci riba.

Ku riƙe wannan: Tukur ya sani.

Wasan ƙarshe ya faɗo a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda. Canjaras ba zai yi musu amfani ba, sai ci.

Al'adar sansani ita ce tun jajiberin babban wasa ake tattara wayoyin 'yan wasa a zuba a jaka guda, don kada 'yan mata da 'yan tsegumi su raba musu hankali. Kyaftin ke riƙe jakar, shi ne amintacce.

Ranar wasan da hantsi, Tukur ya shiga ɗakinsa na masauki zai ɗaure gwiwa, sai ya ji jakar tana gurnani. Wani ya manta bai kashe tasa ba.

Ya buɗe. Wayar Sagir ce, kuma sunan ƙanwarsa Huwaila ne a jiki.

Ya ɗauka.

 Ta ce zazzaɓin da Inna ta kwana biyu da shi ya rikiɗe, tun asuba suna asibiti, numfashinta sama-sama yake. Ta ce Inna ba ta da magana sai ta Sagir, akwai abin da take son faɗa masa da bakinta, don Allah Yaya Tukur ya miƙa masa wayar.

Can ƙasa-ƙasa Tukur yana jiyo muryar tsohuwar tana tambaya ko shi ne.

Ya ɗaga labule. Ga Sagir a tsakar masaukin, zaune a kan bokiti yana ɗaura igiyar takalmi, yana dariyar wani abu da mai tsaron gida ya faɗa. Ko da murya Tukur ya kira shi zai ji.

Sai zuciya ta fara yi masa lissafinta.

Ta ce masa yaron nan zuciyarsa a kusa take. Yana jin muryar uwarsa a haka zai rungumi jaka ya nufi tasha, babu kocin da zai tare shi. In ma ya tsaya, gangar jiki ce kawai za ta shiga fili. Ta ce masa ai cuta ba mutuwa ba ce, tsofaffi nawa suka kwanta suka tashi? Daga nan zuwa bayan la'asar me ya rage?

Ya saki labulen.

Ya ce wa Huwaila Sagir ya fita atisaye, da zarar ya dawo zai sa shi ya kira.

Sannan ya danne wayar har ta mutu, ya tura ta can ƙasan jaka.

Bai faɗa wa koci ba. Bai faɗa wa kowa ba. Da suka yi sallar azahar, kafaɗarsa tana gugar ta Sagir a sahu, kuma har addu'ar sauƙi ya yi wa Inna a sujada. Ɗan Adam ke nan, ya rufe ƙofa da hannunsa, ya koma yana roƙon Allah ya sa kada a ƙwanƙwasa.

Da la'asar aka take wasa.

Ba wasa ba ne mai kyan kallo. Ture ne da shure-shure, 'yan kallo suna jifa da ledar ruwa, har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Tukur ya yi tsaron da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya sa kai, ya sa ƙirji, ya sa gwiwar nan mai ciwo.

Ana dab da tashi suka sami bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso, ta daki ƙafar wani, ta faɗo gaban Sagir.

Ya ɗaɗa ta a raga.

Da alƙali ya busa tashi, Tukur ya zube a ƙasa yana kuka kamar yaro. Kada in yi masa ƙarya, kukan daɗi ne. A wannan ɗan lokacin ya manta da wata jaka, ya manta da wata tsohuwa. Sagir ne ma ya zo ya ɗaga shi, yana ce masa Kakan Lig ya gama makaranta.

Sai a ɗakin sauya kaya abin ya faɗo masa.

Ya zaro wayar Sagir, ya kunna. Kira ne a jere ba iyaka. Ya koma gefe ya nemi Huwaila.

Inna ta cika bayan azahar. Lokacin da suke gumurzu a fili ake mata sallah. Har mutane sun dawo daga maƙabarta.

Shi ya faɗa wa Sagir rasuwar, a gaban kowa, waƙar murna ta tsaya cak. Amma bai faɗa masa kiran hantsi ba. Ya bar shi a kan cewa labarin yanzu ya iso.

Washegari suka shiga garinsu. Magoya baya sun fito tun daga bakin gari da babura da ganguna, ba su san abin da ke cikin bas ɗin ba. Sagir ya sauka ta baya ya bi lungu zuwa gida.

Tukur ya zauna zaman makoki kamar ɗan gida. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke tarar baƙi. Duk wanda ya zo sai ya yaba, ya ce ai irin wannan abota ta yi ƙaranci a zamanin nan. Kowane yabo sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Ranar sadakar uku, Huwaila ta kasa daurewa. Ta tambayi yayanta cikin kuka me ya hana shi kira bayan ya dawo daga atisayen. Ta ce Inna ta sa an ajiye mata wayar a gefen matashi, ko motsi aka yi sai ta buɗe ido ta duba.

Ta kuma faɗa masa saƙon. Ashe Inna ta san ranar ce ranar babban wasan, wata maƙwabciya ta gaya mata. Ba cewa za ta yi ya taho ba. So take ta ce masa ta yafe masa duniya da lahira, ya je ya buga, Allah ya yi wa sana'arsa albarka. Da Huwaila ta ce ta bari za ta isar masa, sai ta ce a'a, wannan maganar ya daɗe yana jiranta, a bakinta zai ji.

Sagir ya fito waje. Ya tarar da Tukur a kan tabarma cikin masu gaisuwa, ya yafito shi zuwa zaure.

Babu faɗa, babu ɗaga murya.

"Yaya, lokacin da Huwaila ta kira, ina ina?"

"Kana tsakar masauki."

"Kana ganina?"

"Ina ganinka."

Sai Sagir ya ce:

"Da ka miƙo mini, wallahi da na buga maka wasanka. Cewa za ta yi in buga."

Tukur ya durƙusa a gaban yaron da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya kama ƙafarsa yana roƙon gafara. Sagir ya sa hannu biyu ya ɗaga shi.

"Nawa haƙƙin na yafe, Yaya. Nata kuma ba a hannuna yake ba."

Ya koma cikin gida.

Sagir bai tona masa asiri ba. Da aka zo sabuwar kaka sai ya nemi canjin ƙungiya, ya koma wani gari da ƙanwarsa, mutane suka yi ta zaginsa wai ya ga samu ya yi butulci. 

Tukur kuwa ya taka filin babban rukuni. Ciyawa shar, 'yan kallo maƙil, ƙyallen kyaftin a damtse, duk yadda ya daɗe yana mafarki. Ya tsaya a layi ana gaisawa, ya lalubi zuciyarsa ko zai ji daɗin nan da ya sayar da amana dominsa. Bai sami komai ba sai muryar tsohuwa tana tambaya ko shi ne.

Kaka ba ta kai rabi ba ya ajiye ƙwallo. Aka ce gwiwa ce, shi ma ya bar su a haka.

Har yau yakan je maƙabartar ranar Juma'a. Ya tsaya, ya yi mata addu'a, ya ce ta yafe masa.

Kabari kuwa ba ya amsawa.

Darasi:

Saƙo amana ne. In an ba ka, isar da shi a lokacinsa, ko da kana ganin zai ɓata maka lissafi.

Ba kai za ka zaɓar wa mutum abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka ba, balle in kai ne mai cin ribar shirun.

"Sai anjima" ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Akwai haƙƙin da in mai shi ya tafi, babu wanda ya isa ya yafe maka a madadinsa.

In akwai saƙon wani a hannunka, kai masa yau. In mahaifiyarka tana raye, ajiye wannan rubutun ka kira ta tukuna.

Ka dawo, sai ka tura wa wani, wataƙila shi ma akwai wayar da ya kashe.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.