Harbi a Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar taubashina Ɗanlami, Allah ya jiƙansa. Abin da ya tuna mini da shi a makon jiya bai taka kara ya karya ba. Na shiga wani shagon kayan farauta a nan Greensboro ta Amurka neman ƙugiyar kifi, sai na ga kawunan kibiya jere cikin leda, kowanne da nauyinsa rubuce. Ka murɗe wannan ka cire, ka murɗa wancan, shi ke nan. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don na san wanda ya kashe shekara uku a kan abin da yau ake gamawa kafin shayi ya huce.

A ƙarshen shekarun saba'in muka zo karatu, ɗakinmu ɗaya a gabashin gari kusa da jami'a. Shi noma yake karantawa. Mahaifinsa, wato kawuna, shi ne sarkin bakan ƙauyensu, kuma inda mutane ke cusa kilishi da yaji a akwati, nan gogan ya cusa kan kibiya shida da uban ya ba shi, naɗe a tsumma. Na sha tsokanarsa cewa digirin ne zai harbo da su.

A wajen aikin gona ya haɗu da wani tsohon Bature mai noman taba a Pleasant Garden, muna ce masa Baba Mai Taba. Barewar ƙasar nan, wadda ta ninka tamu girma, ta addabi gonarsa. Tsohon ya ara wa Ɗanlami baka na ice da sandunan kibiya na wani ice mai ƙamshi, ya ce ya yanki lasin farauta ya zo. Da aka miƙo masa kan kibiyar Turawa mai faɗi da nauyi, sai ya ce a bar shi da na gado. Ya goge kunnuwan kan kibiyar ubansa, tunda doka ta hana mai kunnuwa, ya ɗaura a sanda.

Kuskuren da ya yi, sai ɗan gado ne zai yi shi. Kibiyar gida ba ta da nauyi, don ba ita ke kisa ba, dafi ne. Da ta huda fata, maharbi sai ya nemi inuwa ya jira. Nan kuwa an hana dafi. Ɗanlami ya sani sarai, amma hannunsa bai sani ba.

Ina wurin ran da ya saki kibiyar farko, da sassafe. Ta sami barewar a kafaɗa, ta shiga kamar tsawon yatsa, dabbar ta zura daji kibiyar na reto a jikinta. Muka bi sawu har la'asar, jini ya ɗauke. Don in sanyaya masa rai na ce ai harbi a wutsiya ya fi kuskure. Baba Mai Taba ya tambayi abin da na ce, ni kuwa da rawar kai na fassara masa. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce wadda aka kuskure gobe za ta ci ciyawa, wannan kuwa kwanaki za ta yi tana wahala. Ya ce ko dai a gyara kibiyar, ko kada bakan ya sake shigowa gonarsa.

A mota, muna shigowa gari, Ɗanlami ya dube ni. "Ɗan sarkin baka ya bar dabba da ciwo," in ji shi. "Da wane baki zan gaya wa Baba a gida?"

Daga ranar ɗakinmu ya koma maƙera. Ya karɓi kan kibiyar Turawan da ya raina, yana narka darma yana ɗigawa cikin ƙoƙon kan, yana manna shi da danƙo a kan murhun girkinmu. Da ya ji cewa ma'aunin da Turawa ke auna kibiya da shi sunansa ƙwayar hatsi, daɗi ya kashe shi, ya ce ashe dai duk maharba manoma ne. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, in ya ƙara nauyi a kai, sandar sai ta yi ta lanƙwasa a iska, kibiyar ta kauce gefe. Sai ya rage tsawon sandar kaɗan, ya harba a damin ciyawa, ya duba inda gindinta ya karkata, ya sake. Kullum za ka gan shi da kibiya kwance a kan yatsa, yana neman inda za ta tsaya daidai. Na ce masa mutane na auna maki, kai kana auna darma.

Kaka biyu yana zuwa gonar, yana jan tsirkiya yana mayarwa bai saki ba. A ta uku ya yi bisimilla ya saki. Kibiyar ta ratsa ta fita, barewar ba ta yi taku talatin ba ta faɗi. Da ya je gida hutu ya kai wa kawu irinta. Tsohon ya jinjina ta a tafin hannu, ya ce wannan ai ƙanwar mashi ce, ina dafin? Ɗanlami ya ce, "Baba, a nauyin yake."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga na yau: baka mai gargare, kibiyar da ba ice, waya mai lissafa maka nauyi. Ban jin zai kushe su, mutum ne mai son sanin dalilin komai. Zai saya ya warware su a kan teburina, ya ɓata mini wuri. Amma na tabbata zai tambayi mai shagon ko akwai na'urar da ke gaya wa maharbi lokacin da ya kamata ya fasa harbi.

Bai bar gida a ƙasar nan ba, kan barewa ko ɗaya bai rataye a bango ba. Kibiya ɗaya ya bar mini, tana bisa kabad, kuma har yau in na ɗora ta a yatsa sai ta rinjaya gaba. Ya kuma raba ni da karin magana guda. Shekara arba'in da wani abu ke nan, ko ɗana ya kawo aikin da ya yi rabi da rabi, ko ni na kama kaina ina shirin yin haka, bakina bai sake iya cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure ba.