Altine, Uwar Jandarma

Gidan Altine shi ne na ƙarshe a gabashin Ɗan Kassari, daga shi sai gonaki. Tun da mijinta Ɗantala ya rasu, ita ke noma gonar hatsin da ya bari, ta haɗa da wake da 'yan awaki. Ta yi haihuwa da dama, amma ɗaya ce ta tsaya, ta farin, Samira. Da yake ta fari ce, Altine ba ta kiran sunanta. "Yarinyar nan" take cewa, kowa kuma ya san wadda take nufi.

Samira ta yi lakwal, wato makarantar boko, a garin, daga baya ta wuce Dogon Dutsi ta ci gaba. Doguwa ce marar yawan magana, ga gudu, har samari ba sa son a haɗa su tsere da ita. A can ta ji ana ɗaukar mata aikin jandarma, ta shiga jarrabawa ba ta gaya wa kowa ba, sai da sunanta ya fito.

Ranar da labarin ya iso, Idi, ƙanen marigayi, ya zo ya tsaya a bakin darni.

"Altine, ɗiya mace da wando da bindiga? Mi za mu ce ma mutane?"

Tana sussuka, ba ta ajiye taɓarya ba. "Ubanta bai hana mata lakwal ba. Ni ba ni hana mata inda lakwal ta kai ta."

Ba a yi faɗa ba. Amma daga lokacin ƙafar dangi ta yi nisa da gidan. Ana gaishe ta a rijiya, ana aiko mata goron suna, sai dai an daina shigowa a zauna. Yara suka sa mata Uwar Jandarma, sunan ya bi ta.

Da Samira ta gama horo, ta zo sallama kafin a tura ta wani bariki mai nisa. Ta bar wa uwar tsohuwar salularta da ɗan farantin sola na caji, ta nuna mata inda ake dannawa idan ta yi ƙara. Sauran ba ta nuna mata ba.

Wata rana bayan azahar, Altine na goge ƙurar gilashin da gefen zane, sai yatsanta ya taɓa wani wuri, wayar ta cika da ƙarar mota. Ta kusa jefar da ita. Da ta duba, sai ga wata mace cikin baƙar riga tana gudu a kan rufin gidaje, maza na bin ta. Fim ne Samira ta manta ba ta goge ba. Altine ta zauna a kan turmi ta kalla har batir ya ƙare.

Da Faransanci ake magana, ita kuwa ban da gaisuwa ba ta jin komai. Duk da haka ta gane labarin da ido. Matar 'yar leƙen asiri ce, wani tsoho mai farin gashi ke aikenta. Yau a gan ta likita, gobe mai sharar otal, jibi amaryar wani attajiri. Tana neman wata ƙaramar jaka, sannan a tsakiyar fim ta gano tsohon da kansa ya sayar da ita. Altine ba ta san sunanta ba, sai ta sa mata Mai Baƙar Riga.

Ya zama mata aikin tsakar rana. Idan ta dawo gona ta ba awaki ruwa, sai ta jingina da bangon rumbu ta kunna. Abin da ya fi burge ta ba dukan ba ne. Shigar matar take so. Takan tura ƙofar ɗaki cike da manyan maza ta wuce, ba wanda ya tambaye ta ɗiyar wa ce, ko wa ya ba ta izini. Akwai kuma wurin da aka yanke ta a hannu, ta yaga riga ta ɗaure da haƙori ta miƙe. Duk ranar da aka zo wurin, Altine takan ce a hankali, "Sannu, sannu." Matar tana ɗan karkata kai idan tana saurare, haka kuma Samira ke yi tun tana ƙarama.

Amma tana da ƙorafi, kuma da ƙarfi take yin sa, tun da ba mai ji sai awaki. Matar ba ta cin abinci. Daga farko har ƙarshe kofi ɗaya ta kurɓa, shi ma ba ta shanye ba. Ta faɗo daga bene ta tashi, kitso bai warware ba. Ta kashe mutane sun fi a ƙirga, ba a nuna uwar ko ɗaya ba, ba wanka ba zaman makoki, mota ta bi ta wuce. Babban laifin kuma shi ne waya. Matar na da waya har biyu, tana ta kiran tsohon nan mugu, amma ko sau ɗaya ba ta kira gida ba.

Mubarika matar Idi ta taɓa shigowa aron rariya ta tarar da Altine tana kallo. Ta leƙa ta kafaɗarta, daidai matar ta tsallake wata katanga.

"Wannan ai ba mutum ba ce, Yaya, doguwa ce, aljana."

"Mutum ce. Horo anka ba ta."

"Haka taku ɗiyar ka yi can?"

Altine ta kife wayar a cinya. Ita ma ba ta sani ba. Samira na kira jefi-jefi, magana kuma ba ta wuce "Inna, muna lahiya, ya ruwa, ya awaki?" Kunya ba ta barin uwar ta ce ina kike kwana, me kike ci, kina jin tsoro? Takan ce "Allah shi tsare," layin ya katse, ta daɗe riƙe da wayar a kunne.

Bayan girbi na biyu Samira ta samu hutu. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida cikin doguwar riga da hijabi, babu kakin da yaran unguwa suka taru su gani. Ta rame, ta yi duhu. Altine ta dama mata fura, ta zauna nesa tana satar kallonta.

Washegari da rana Samira ta ɗauki wayar za ta gyara mata ƙara, sai ta ga fim ɗin.

"Inna! Kallonshi kike?"

"Ke kinka bar shi."

Samira ta yi dariyar da uwar ta daɗe ba ta ji ba. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ta ce su kalla tare, za ta fassara mata. Nan Altine ta ji abubuwan da ba ta sani ba. Ashe matar marainiya ce, tsohon ne ya ɗauke ta tun tana yarinya.

"To shi ya sa," in ji Altine. "Na yi ta zaginta a banza."

"Ƙarya ta yi yawa ciki, Inna. Wannan bindigar ba ta ɗaukar harsashi haka. Kuma wa zai yi gudu da wannan takalmi? Mu aikinmu tsayuwa ce. A ƙofa, cikin rana, in duba jakunkunan mata, in rubuta, in sake tsayuwa. Ƙafa ta kumbura, shi ke nan."

Altine ta ji daɗin maganar, ta kuma ji wani abu ya ragu a ranta. Ta ɗauka ɗiyarta ma tana tura ƙofofi.

Suka ci gaba har wurin da aka harbi abokin aikin matar a cikin mota. Matar ta rufe masa ido, ta ɗauki makullin, kiɗa ya tashi, ta ja wata motar. Altine ta jira fassara, ba ta zo ba. Samira ta ajiye wayar ta tashi ta nufi garken awaki, ta tsaya ta ba ta baya.

Da ta dawo, idonta ya yi ja.

"Ba haka yake ba," ta ce. "Akwai wadda muke ɗaki ɗaya, Afra'u, 'yar Dumega. Motarsu ta hita da sahe, ba ta komo ba. Ni anka sa in haɗa kayanta. Sabulunta bai ko bushe ba. Na yi wata ban iya cin tuwo. Su kuwa nan sun sa kiɗa."

Altine ta so ta jawo ta jikinta. Ta so ta kira sunanta. Hannunta ya tashi, ya tsaya a hanya, ya sauka kan ƙwaryar fura. Ta tura mata.

"Sha," ta ce.

Samira ta sha. Ba su ƙarasa fim ɗin ba.

Kafin hutun ya ƙare, Samira ta ce za ta Dumega ta gaida uwar Afra'u. Altine ta ce za ta bi ta. Suka hau motar kasuwa, suka sauka, suka yi tambaya har gidan. Uwar suka samu, wata tsohuwa, ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ta gane ko wace ce Samira, ta kama hannunta ta ƙi saki. Altine ta zauna gefe ta ja kwandon gyaɗar ta ci gaba da ɓara. Ita da tsohuwar ba su yi wata magana ba ban da gaisuwar ta'aziyya, amma da za su tafi tsohuwar ta raka su har bakin hanya, ta ce wa Altine, "Ki riƙa zowa."

Samira ta koma bakin aiki. Daga baya ta auri wani abokin aikinta a can, aka ɗaura aure Idi na waliyyi, ya ma yi fara'a a ranar. Ta roƙi uwar ta koma wurinsu da zama. Altine ta je ta yi ɗan lokaci, ta ga gidan haya mai ɗaki biyu, ma'auratan su fita tun safe su bar ta da bango. Da ruwan farko ya sauka ta ce gona na jiranta, ta dawo.

Tana nan har yanzu a gidan. Ido ya fara yi mata rauni, sai ta kawo wayar kusa da fuska. Takan kalli fim ɗin wani lokaci, amma idan an kusa wurin motar sai ta kashe. Ta je Dumega sau da yawa bayan haka, kullum da ɗan ƙullin wake, har ranar da ta isa aka ce mata tsohuwar ta rasu tun makon da ya wuce, ba wanda ya san inda za a aika mata. Ta ba maƙwabta waken, ta yi addu'a, ta koma tasha ta zauna jiran mota ta cika.